Injin da Ba Ya Hutawa

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bashir. Allah Ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, Ya tsare ƙofarku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mamanki tana gaishe ku. Ta ce in gaya miki ta lura babbar tukunyarta ta yi ƙafa ranar da kika tashi, kuma ta san inda ta je.

Na san za ki ce mene ne na takarda, alhali tsakaninmu da Staten Island inda kike jirgin ƙasa ne da feri, jirgin ruwan fito, kawai. Dalilin shi ne a waya ba na samun ki. Ina farawa da Hausa ki amsa da Turanci, kafin in kai tsakiyar zance kin ce "Oke, Baba," ni kuwa ko shimfiɗa ban gama ba. Takarda ba ta da wannan halin. Ki zauna ki karanta a hankali, inda kika sarƙe ki nemi taimako.

Bari in fara da wata jita-jita da na taɓa ji, na ƙaryata.

Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, muna tsaye a titin 125 gaban teburin wani mai sayar da turare da huluna. Isiyaka yana wurin. Kin san shi, direban tasin nan mutumin Kumasi da ke kawo miki cakulan kina ƙarama. Ya ce wani fasinja ya gaya masa an fito da wani injin ɗumama gida wanda kusan wuni yake yi yana aiki bai tsaya ba, amma lantarkin da yake sha bai kai na wanda ke tashi yana tsayawa ba. Wai ko ƙararsa ba a ji.

Na ce, "Isiyaka, jakin da ba a sauke wa kaya, ba ya cin dusa, kuma ba ya kuka? Daga Kumasi ka taho da labarin nan ko a hanya ka tsince shi?"

Ya ce, "Kai Bakano, duk abin da ba a sayarwa a Kurmi a wurinka babu shi a duniya."

Aka yi dariya aka watse. Na tafi gida ina jin na yi nasara.

Abin da ya tuno mini da wannan magana shi ne zuwan da muka yi ganin gidanku ranar Lahadi. Kina kicin da mamanki, Bashir ya sauka da ni besmen, ɗakin da ke ƙarƙashin gida, ya nuna mini injin ɗumama gidan. Tsoho ne, ya yi tsatsa, kuma mai gyara ya gaya muku da wuya ya fitar da ku sanyin bana. Ya nuna mini takardar da mai gyaran ya bari, sabon inji iri biyu a jiki. Ya ɗora yatsa kan na farko ya ce, "Baba, ni wannan babban nake so, mai tashi da ƙarfi ya yi aikinsa ya huta. Ɗayan an ce mai sauya gudu ne, wuni yake yana juyawa. Inji kuwa ai sai da hutu." Da za mu hau sama ya miƙa hannu ya danna jan makunnin da ke bakin matakala, ya kashe tsohon injin, ya ce, "Tun safe yake yi, bari ya sarara."

Uwata, na tsaya a kan matakalar nan kamar wanda aka kunna wa tsohon kaset ya ji muryarsa a ciki. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Allah Ya zaɓa mana mafi alheri." Suruki ba ya shiga gidan surukinsa a ziyarar farko ya fara gyara masa hannu. A cikin feri na ba mamanki labari. Ta ce, "Malam, ashe ka sami ƙani."

Da inji ne kawai a cikin zancen, da na yi shiru. Amma akwai ƙirjinki. Tun kina shekara huɗu kike fama da asma. Kin iya ɓoye ta, amma na ga abin shaƙarki a aljihun rigar sanyinki da kika rataye. Sanyi ya ƙaraso bakin ƙofa. Bashir shekararsa biyu kacal da barin Kano, kuma a ginin Park Hill ya zauna, inda ba mai haya ke riƙe da zafin ɗaki ba. Ke kuma na san ki, a shekarar farko ta aure ba za ki so ki ce masa a'a kan abin da yake ganin fagensa ne ba. To, ni ba zan iya gaya masa ba, ke ba ki son gaya masa, shi ya sa zan ba ki labarin kurakuraina, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Kafin in zo ƙasar nan na yi shekara shida a wata maɗaba'a a Fagge, kuma cikin ayyukana har da kula da janareta. Mai maɗaba'ar yana da magana ɗaya da yake maimaitawa: "Tijjani, inji jaki ne. In ba ka sauke masa kaya ba, shi zai sauke ka." Duk bayan awa huɗu sai a kashe, a duba mai, a zuba ruwa, a bar shi ya huce. Kuma gaskiya ya faɗa. Maƙwabcinmu da ya ƙi yin haka, nasa ya buga ana tsakiyar aikin kalanda. Darasi ne mai kyau, kuma shi ya cuce ni. Mugun darasi mutum yana saurin yar da shi. Mai kyau shi ne yake bin ka har garin da ba shi da amfani, yana zaune a ƙirjinka kamar gaskiya. Ki kula da wannan. Duk abin da kika iya, ki tambayi kanki a ina kika koye shi, kuma ko nan ma can ne.

Shekara tara da muka yi a Parkchester ban koyi komai game da ɗumama gida ba. Ƙarfe ne a jikin bango, ya yi tsaki ya yi ƙwanƙwasa, mai kula da gini ne ke sakin zafi in ya ga dama. A tsakiyar Janairu sai ka gan ni da singileti na buɗe taga, dusar ƙanƙara tana sauka. Sai da muka koma ɗan gidan nan namu, kina aji uku, sannan aka damƙa mini zafi a hannuna, aka ce ga shi nan, ka yi yadda ka so. Na kuwa yi.

Injin da muka tarar irin wanda Bashir ke so ne. Iskar gas yake ƙonawa, fanka ta tura zafin ta bututu zuwa ramukan iska da ke ƙasan kowane ɗaki. Hali biyu gare shi, babu na uku. Ko ya tashi kamar tirela tana hawan tudu, labule na rawa, sai an ƙara muryar rediyo. Ko ya yi ɗif kamar an yi rasuwa. In ya tashi falo ya yi zafi har ka cire hula. In ya tsaya, kafin ka gama shan shayi sanyi ya fara lasar ƙafarka. Ɗakinki kuwa, da yake shi ne na can ƙurya, kafin zafi ya isa injin ya riga ya mutu.

Kakata, wadda a gindinta na ji duk tatsuniyar da na sani, takan ce wutar kara tana burge baƙo, amma wutar kirya ce ke dafa ganda. Na san wannan magana tun ina yawo ba wando. Ban taɓa tunanin tana da alaƙa da wani ƙarfe a Bronx ba.

Kuskurena na farko a kan ɗan akwatin nan ne na bango da ake saita zafi da shi. Na ɗauke shi kamar kan risho. In na shigo daga aiki ina rawar ɗari sai in tura shi har ƙarshe, a zatona hakan zai sa gida ya yi saurin ɗumi. In gumi ya karyo sai in mayar da shi ƙasa gaba ɗaya. Ashe shi ba ya ƙara wuta, iyaka kawai yake gaya wa inji inda zai tsaya. Wuni muke muna hawa da sauka tsakanin Kano da Jos a cikin falo ɗaya. Ke ki zaɓi inda jikinki ya yarda da shi, ki saita, ki ɗauke hannu. In za a rage, a rage kaɗan.

Na biyu ya fi wannan wayo, shi ya sa ya fi shi muni. Da na ga ɗakinki ba ya ɗumi, sai na yi lissafin manomi: in ka toshe wannan kwari ruwa zai bi wancan. Na ɗauko tsohuwar darduma da kwalaye na rufe ramin iskar falon baƙi da na ɗakin ajiya, don zafi ya taru ya tafi wurinki. Na kira mamanki ta zo ta ga hikima. Injin ya fara nishi, ya yi ɗan aiki ya kashe kansa, ya sake tashi ya sake mutuwa. Numfashinsa na toshe. Kada ki bar kowa ya rufe ramin iska a gidanki, ko da kujera, ko da kafet, ko da buhun shinkafar da babu inda za a ajiye.

A Disamba ta shekara ta biyu injin ya mutu mutuwar da ba tashi. Kwana biyu muna jiran mai gyara. Na ba da shawarar a hura gawayi a kasko a rufe ɗaki. Mamanki ta ce, "Malam, ko a Kano ba a rufe ɗaki da gawayi. Ka zo Amurka ka manta, ko dama can ba ka sani ba?" Ta kwashe ki zuwa gidan ƙawarta. A nan ma ga shawara: kar a ɗumama ɗaki da gawayi, kar a buɗe murhun kicin don a ji ɗumi, kuma ku tabbata akwai na'urar nan mai ƙara in iskar guba da ba a gani ta taru, a kowane hawa, da batir mai rai.

Mai gyaran da ya zo wani dattijo ne ɗan Dominika, mai ƙarancin magana. Na ce masa ya kawo mini mafi girma da yake da shi. Sai ya ɗauko abin awo ya bi ɗaki ɗaki, ya ƙirga tagogi, ya leƙa rufi, ya duba faɗin bututu. Da ya gama ya ce wanda ya fi ƙarfin gida ba alheri ba ne: nan da nan zai cika falo da zafi ya mutu, ɗakunan nesa ba su samu ba. Ya ce akwai wani iri da fankarsa ba gudu ɗaya gare ta ba. Tana tashi a hankali, ta ƙara in sanyi ya yi tsanani, ta rage in gida ya ɗauka. Mafi yawan lokaci a ƙaramin gudu take, tana ta juyawa, kuma a haka lantarkin da take sha kaɗan ne.

Na dube shi na ce, "Ka san wani direban tasi mutumin Ghana?"

Ya ce bai san shi ba. Ban yarda ba.

Mamanki tana tsaye a saman matakala. Tambaya ɗaya ta yi: "Wanne ne zai kai ɗumi ɗakin yarinya, bai tada mata ƙura ba?" Ya nuna na biyun. Ta ce, "Shi za a sa." Na buɗe baki, ta dube ni, na rufe. Kin san wannan kallon.

Ranar da aka sa shi sau uku ina sauka besmen in duba ko yana aiki, don ban ji komai ba. In na ɗora hannu a ramin iska sai in ji wani ɗumi yana fitowa a hankali kamar numfashin jariri mai barci. Na ce wannan ne zai yi faɗa da sanyin New York? Amma ga shi gida ya yi ɗumi, har ɗakinki. Da na tsaya nan da an zauna lafiya.

Sai na lura ba ya tsayawa. In fita da safe yana yi, in dawo la'asar yana yi. Muryar mai maɗaba'a ta tashi a kunnena. Na ji tausayin ƙarfen nan, wallahi tausayi na gaske, irin wanda ake ji wa dabba. Sabo ne, an kashe masa abin da aka kashe, kuma ana so a ƙona shi a shekarar farko? Shi ne na ɗauki al'ada: kullum na dawo daga aiki sai in sauka in danna jan makunni, in ba shi awa biyu ko uku ya huta. In gida ya yi sanyi sai in kunna, in tura akwatin bango sama don a rama. Shi kuma dole ya tashi da duk ƙarfinsa ya kori sanyin da na tara masa. Kin ga abin da na yi? An kawo mini wutar kirya, na zauna da hannuna ina mayar da ita wutar kara. Wannan shi ne kuskure na uku, kuma shi ne wanda na ga hannun Bashir ya nufa.

Mamanki ba ta yi musu da ni ba. Sai dai na ga ta yawaita sauka besmen ɗebo shinkafa. In ta hau, bayan ɗan lokaci sai in ji ɗumi a ƙafata. In sauka duba mita, in kashe. Ta sauka ɗebo albasa. Kusan wata biyu muna wannan yaƙin, ba wanda ya ce uffan. Rannan muka yi kiciɓis a tsakiyar matakala, ita da kwano ba komai a ciki, ni da tocila.

Na ce, "Hajiya, mu nawa ne a gidan nan da ake ɗiban shinkafa sau uku a wuni?"

Ta ce, "Ai kai ma, Malam, na ga mitar nan taka sai an yi ta gaishe ta." Sannan ta sassauta murya. "Mai gyara ya ce a bar shi. Don haka aka yi shi."

Na ce, "Mai gyara so yake ya lalace a sake kiransa."

Ta wuce ni ta sauka, na wuce ta na hau. Mu a lokacin abin dariya muka ɗauke shi.

Sai wata Asabar a Fabrairu. Mamanki ta turara gida da safe kamar yadda ta saba, ta tafi suna Parkchester. Babu mai ɗiban shinkafa ke nan. Na kashe injin da hantsi, na lulluɓa da bargo ina jin rediyo, barci ya ɗauke ni. Ke kina ɗakinki na ƙurya kina aikin makaranta. Da na farka wajen azahar na leƙa, na gan ki da rigar sanyi da safar hannu kina rubutu. Na ruga na kunna, na tura akwatin bango har ƙarshe. Ban kuma taɓa canza filtar injin, wato matatar ƙurarsa, ba tun da aka sa shi, don ban san ana canzawa ba. Daga baya da aka zaro ta, baƙa ƙirin take kamar gindin tukunya.

Ba a daɗe ba kika fara tari. Na ba ki abin shaƙa, kika shaƙa, kika sake shaƙa, bai yi ba. Kina zaune bakin gado kin dafa gwiwoyi, kafaɗunki na hawa da sauka, ƙirjinki na fito. Idonki a kaina. Na kira motar asibiti. Ban san minti nawa ta yi ba, amma na san na karanta duk abin da na haddace, wasu surorin ta tsakiya na fara su.

Allah Ya taimake mu. Kafin magariba numfashinki ya daidaita. Mamanki ta iso da kayan sunanta a jiki. Likita ta zaunar da mu ta yi tambayoyi: akwai hayaƙi a gidan? Ƙura fa? Ɗakinta yana sanyi? Na ce, "Akwai turaren wuta," ina kallon mamanki. Ita kuma ta ce, "Ki tambaye shi makunni." Likitar ba ta ɗauki ɓangare ba. Ta ce ƙirji irin naki ba ya son hayaƙi, ba ya son ƙura, ba ya kuma son a daskarar da shi sannan a watsa masa zafi. Kowannenmu ya karɓi rabonsa ya sunkuyar da kai.

A ɗakin nan na asibiti aka sake gaya mini maganar Isiyaka, a taƙaice ƙwarai. Shi ne karo na ƙarshe da na buƙaci a gaya mini. Zan faɗa miki wanda ya faɗa in na gama. Mai tatsuniya ba ya farawa da ƙurunƙus.

Isiyakan ne ya zo ya mayar da mu gida washegari. A hanya na ba shi labari, har muka tsaya a danja. Sannan ya ce, "Bakano, motar nan in na shiga Manhattan ina takawa ina birki, ina takawa ina birki, mai take sha kamar rijiya. In na hau babbar hanya na ɗora ƙafa a totur na bar ta, sai ta yi ta tafiya. Wanne ne ya fi gajiyar da ita?" Na ce ya kula da tuƙinsa.

Ina shiga gida na sauka besmen na manna wa jan makunnin nan salatif. Yana nan har yau, ya yi rawaya, kin sha wuce shi ba ki tambaya ba. Mamanki kuma ta mayar da kaskon turarenta baranda. A can take turara tufafi, ƙofa a rufe, maƙwabta suna tambayarta sunan turaren.

Ga abin da na gani da idona tun daga lokacin, ba wanda aka ba ni labari ba. Gidan ya zama ɗaki ɗaya: ɗumin falo shi ne na ɗakinki, na sama bai tsere wa na ƙasa ba, don iskar ba ta daina zagayawa. Muka daina sa riga muna cirewa. Na daina ƙara muryar rediyo, har nakan manta akwai inji a ƙasanmu. Ƙurar kan talabijin ta ragu, don iskar gidan wuni take tana bi ta filta, ba wai a yi shiru sannan a busa ta gaba ɗaya ba. Takardar lantarki da na zauna ina jira ta zo ta ba ni gaskiya, ta zo ta ba Isiyaka. Da muka haɗa masa na'urar sanyi kuma, damshin nan na Agusta mai sa riga ta manne a baya ya yi sauƙi. Shekarun nan duka bai sauke ni ba, ni da aka ce in ban sauke masa kaya ba zai sauke ni.

Ba zan yi miki irin na dillali ba. Ya fi ɗayan tsada wajen saye, kuma ranar da wani abu ya lalace a cikinsa gyaran ba na wasa ba ne. Sai an sami mai aikin da zai auna gida ya duba bututu. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi girman da za a sa, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi. Filta kuma dole a riƙa duba ta ana canzawa, don in ta toshe fankar ƙara ƙoƙari take yi, ta gaji a banza. Nan ne hutun da yake so, ba a makunni ba. A kira mai dubawa sau ɗaya kafin sanyi ya shigo. Kuma ba magani ba ne. Bai raba ki da asma ba, ba zai raba ki da ita ba. Abin shaƙarki ya zauna kusa, likitarki ki riƙa ganinta. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina tsokanar ƙirjinki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saura yadda za ki yi da Bashir.

Kada ki bi hanyar mamanki. Ɗiban shinkafa dabara ce mai daɗin ba da labari, amma tana aiki ne kawai ranar da mai ɗiban tana gida. Kada kuma ki bi tawa ta ranar Lahadi, ta yin addu'a a kan matakala alhali magana ake bukata. Kar ki ce masa "Baba ya ce," don namiji yana iya jure a ce ya yi kuskure, amma ba ya son a ce surukinsa ne ya gano. Ki bari ya ci abinci. Ki ɗauko abin shaƙar nan daga aljihu ki ajiye a gabansa, ki gaya masa yadda abin yake in ya tashi, ba tare da kin rage ba. Na tabbata bai taɓa ganin ki yadda na gan ki a bakin gadon nan ba, kuma ina roƙon Allah kar ya gani. In kin ga zai fi sauƙi, ki miƙa masa takardar nan ki ce wasu kalmomi sun fi ƙarfinki, ya taimaka ya karanta miki. Ba ƙarya kika yi ba. Duk wautar da ke ciki tawa ce, shi babu abin da zai ji kunya.

Kada ki ɗauke shi mai taurin kai. Yaron kirki ne da aka koya wa kula da kaya, kamar yadda aka koya mini. Mutumin da ke jin tausayin ƙarfe ba zai rasa jin tausayin matarsa ba, sai dai in ba a nuna masa inda ciwon yake ba. Kuma kar ku ja lokaci. Mai gyara ya fi sauƙin samu kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Allah Ya ba ku zaman lafiya da fahimtar juna. Allah Ya sa gidanku ya yi ɗumi da sanyi, ya yi sanyi da zafi, Ya cika shi da baƙi na alheri. Allah Ya tsare ki a hanya, a feri da jirgi, fita da dawowa, Ya buɗe miki ƙirji Ya sauƙaƙa miki numfashi. Ki gaida Bashir da kyau. Ki dawo wa mamanki da tukunyarta, ko ki zo da abin da kika dafa a ciki.

Wassalam. Ɗanki kuma mahaifinki,
Tijjani

Na yi alkawari, bari in cika. Isiyaka ya faɗa, na yi masa dariya. Mai gyara ya faɗa, na zarge shi. Mamanki ta faɗa, na wuce ta a matakala. Na ƙarshen a kan gadon asibiti yake, likita ta fita, mamanki ta tafi alwala. Ya janye robar numfashi daga bakinsa, ya yi magana da Hausa, abin da bai saba yi ba ko an roƙe shi. Ya ce, "Baba, ka bar shi ya yi ta yi. Shi ba ya gajiya. Ni ce nake gajiya."

Na san ba ki tuna ba, kina shekara tara. Amma bakin da ya iya gaya wa wancan mai taurin kan, zai iya gaya wa wannan mai sauƙin. Ke ce, Uwata.